A Leƙa Rumbun Ruwa Tun Bai Ƙare Ba

A cikin bazarar shekarar 2018 wani labari ya fito daga ƙasar Sakkwato wanda ya isa ya hana mai hankali barci. Hukumar da ke lura da kogunan Sakkwato da Rima ta faɗa da bakinta cewa ruwan madatsar Goronyo ya janye, har abin da ya saura bai fi kashi 1 cikin 10 na abin da aka gina ta ta riƙe ba. Wannan madatsa kuwa ita ke sakin ruwan da birnin Sakkwato da Birnin Kebbi ke sha da rani, ita kuma ke shayar da gonakin shinkafa da albasa na kwarin Rima. Masu ɗaukar hoto suka je suka ɗauko busasshiyar laka duk ta tsattsage, a inda da jiragen masunta ke yawo. Manya suka kai ziyara, aka yi jawabi, aka yi addu'a. Da damina ta sauka ruwa ya komo, sai kowa ya kama gabansa, maganar ta mutu a bakin jama'a.

To, ni ban yarda ta mutu ba. Ni akawu ne, ban yi karatun injiniya ba, aikina kullum rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Amma wannan aiki ya koya mini cewa baitulmali ba ya wayen gari ya zama wayam, sai an daɗe ba a buɗe littafinsa ba. Madatsar ruwa ma haka take. Ruwan da ya ƙare a watan Maris, tun watan Oktoba ana iya sanin zai ƙare, in akwai mai lissafi, in kuma an ji maganarsa. Abin da nake kira gare shi ke nan: ko wace madatsa da jama'a ke dogara da ita a auna ta, a san shekara nawa ta fari za ta iya jurewa, a kuma gaya wa mutane amsar da harshen da suke ji.

Bari mu fara da mudun awo, don mu fahimci juna. Mudun da masana ke auna ruwan madatsa da shi sunansa kubik mita, watau lita 1,000, ko kuwa cikin duro 5 irin na man fetur. An gama ginin madatsar Goronyo a shekarar 1984, aka rubuta cewa tana cin kubik mita miliyan 942. Ta Tiga, a ƙasar Kano, wadda aka gama a 1974, tana cin kusan miliyan 2,000. Waɗannan lambobi su ake karanta mana a rediyo duk sa'ad da maganar madatsa ta taso, mu kuwa mu jinjina kai, mu ce ai wannan ruwa ko jikokinmu ba su shanye shi. Nan ne kuskuren farko yake. Lambar nan ta ranar buɗewa ce. Tana gaya maka girman rumbu ran da aka gama yaɓe shi, ba ta gaya maka yawan hatsin da ke ciki yau ba, ba ta kuma gaya maka abin da gara ta ci ba.

Garar madatsa ita ce laka. Ko wace damina gulbi na kwaso yashi da taɓo daga gonakin da aka sare itatuwansu, ya zo ya zube su inda ruwa ya tsaya. Shekara bisa shekara gindin tafkin na tasowa, wurin da ya kamata ruwa ya zauna ƙasa ta zaune shi. Mai kallo daga bakin ganuwa ba ya ganin kome, don kuwa saman ruwan na nan shimfiɗe yadda ya saba gani, alhali zurfin ya ragu. Jami'an Goronyo da kansu sun ambaci laka cikin dalilan abin da ya faru a 2018, tare da ƙarancin ruwan daminar 2017. Saboda haka duk wanda ya karanta maka lambar 1984 kamar ita ce ta yau, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani ya ɓoye.

Bayan laka sai rana. A ƙasarmu ta Arewa, zafi da iskar hunturu na shanye kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara guda. Kai mai karatu, yi lissafin da kanka. Fili mai tsawon kilomita 1 da faɗin kilomita 1, in aka kwashe masa zurfin mita 2, an kwashe kubik mita miliyan 2, watau duro miliyan 10. Tafkin Tiga kuwa in ya cika faɗinsa ya kai irin wannan fili 178. Wannan ruwa ba wanda ya sha, ba gonar da ta jiƙa da shi, sama ya tafi. Ga shi kuma tafkunanmu na kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke, faɗi da yawa zurfi kaɗan, tamkar ruwa a faranti, wanda kowace mace ta san ya fi na tulu saurin bushewa.

Sa'an nan ga bakuna. Ƙidayar 1991 ta samu mutum miliyan 88 da ɗoriya a Nijeriya, ta 2006 ta samu miliyan 140, yau kuwa an haura miliyan 200. Garin da aka yi wa famfo yana unguwa goma, yanzu yana unguwa talatin. Manomin rani da ke ban ruwa da jigo ya koma injin, injin kuwa ba ya gajiya. Ban da wannan, kogi ba na gari guda ba ne. Ruwan da ke isa Goronyo daga Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi yake zuwa, madatsun Zobe da Jibiya na ƙasar Katsina kuwa suna zaune a kan rassan da ke ciyar da shi. Abin da na sama ya tare, na ƙasa bai gan shi ba. Ashe ke nan ba a yi wa madatsa lissafi ita kaɗai, sai a haɗa ta da 'yan'uwanta da ke kan kogi guda.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, don kuwa da rigar ilmi yake zuwa. Shi ne dogara ga abin da ake kira matsakaicin ruwan shekara. A tara ruwan shekara talatin, a raba talatin, a ce ga abin da gulbi ke kawowa. Wannan lissafi daidai ne a takarda, amma ba a tuƙa tuwo da shi. Magidancin da ya samu dami 100 bana, baɗi ya samu 20, matsakaicinsa dami 60 ne, amma in ya cinye na bana da gadarar matsakaici, baɗi iyalinsa sai tafasa da rama. Abin da ke kashe madatsa shekarun fari ne in sun jeru, ɗaya na bin ɗaya, matsakaici kuwa ɓoye su yake yi.

Ƙasar nan kuma ta san jeruwarsu. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Shekarun 1950 suka zo da ruwa mai albarka, har aka ɗauka haka duniya za ta dawwama. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai ruwa ya soma ja da baya, aka sha farin 1972 da 1973, dabbobi suka zube, aka sake shan na 1983 da 1984, damina ba ta koma yadda take ba sai wajen shekarun 1990. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya tsuke har bai kai kashi 1 cikin 10 na wannan ba a tsakiyar shekarun 1980. A ƙasar Barno an kashe dukiya mai yawa wajen haƙa manyan hanyoyin ruwa don noman rani daga kudancin tafkin, bisa ga yadda aka san ruwansa a shekarun albarka. Ba a daɗe da buɗe aikin ba tafkin ya gudu ya bar bakin hanyar a tudu. Ginin ba shi da laifi. Lissafin ne aka ɗora a kan shekarun ƙoshi.

Ga misali, na ƙaga shi ne da ƙananan lambobi don kowa ya iya binsa da yatsa. A ce wata madatsa a takarda tana cin mudu 100. Laka ta cinye wurin 20. Akwai kuma 10 na can gindi wanda ƙofar sakin ruwa ba ta kai gare shi. Abin da ke hannu na gaskiya 70 ke nan. Gari da gonaki na shan 40 a shekara, rana na shan 20, jimla 60. Sai fari ya zo, gulbi ya riƙa kawo 30 kacal ko wace damina. Mai lissafin takarda zai ce: 100 ta koma 70, ta koma 40, ta koma 10, ashe ko shekara uku aka yi ana fari muna tsira. Amma lissafin gaskiya cewa yake: 70 ta koma 40, ta koma 10, a shekara ta uku kuwa abin da ke akwai 40 ne, ana bukatar 60. Sai a wayi gari dole a yanke rabin ruwan mutane a lokaci guda, shinkafa na tsakiyar ɗaukar ciki. To, da a ce tun shekarar farko aka rage shan gari da gonaki daga 40 zuwa 30, da 70 ta koma 50, ta koma 30, ta koma 10, an ƙetare shekara ukun ba wanda ya rasa. Ragi kaɗan da wuri ya kare yanka mai zafi daga baya. Amma wa zai yarda a rage masa ruwa tafki na cike, in ba a nuna masa lissafi ba?

Lissafin masana ya fi wannan zurfi, amma tushensa ke nan. Sukan ɗauko littafin ruwan sama da na gulbi na shekaru masu yawa, su zaɓo jerin shekarun da suka fi muni, su ɗora wa madatsar kamar yau abin ke faruwa, da lakar yau da yawan mutanen yau. Sa'an nan su nemi amsar tambaya uku. Cikin shekara 100, sau nawa madatsar za ta kasa biyan bukata? In ta kasa, wata nawa ko shekara nawa za ta yi kafin ta farfaɗo? A ranar mafi tsanani kuma, kashi nawa na bukatar jama'a za a rasa? Tambayoyin nan ba su maye gurbin juna. Madatsar da ke gazawa kaɗan-kaɗan ko wace shekara biyar ana iya zama da ita, wadda kuwa ba ta gazawa sai sau ɗaya a shekara hamsin, amma in ta gaza sai gari ya tashi, ita ce abar tsoro. Kuma tun da zafin duniya na ƙaruwa, damina na ƙara rikicewa, masu hankali daga cikinsu sukan ƙara wa farin da aka taɓa gani tsanani, su sake gwadawa, don abin da ke tafe ba dole ya tsaya inda na baya ya tsaya ba.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ruwa na Allah ne, mai auna shi yana shisshigi. Ruwa na Allah ne, babu shakka, amma wannan magana sau da yawa malalaci ne ke fakewa da ita. Ko yaron da ke makarantar allo ya ji labarin Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yadda ya sa aka tara hatsin shekara bakwai na ƙoshi don shekara bakwai na tsanani. Ai wannan lissafi ne da awo da ajiya. A Masar ɗin nan kuma, a tsibirin Rauda na birnin Alƙahira, akwai rijiyar awon Kogin Nilu da aka gina a shekarar 861 bisa umurnin Halifa Mutawakkil, da ginshiƙi a tsakiyarta mai zanen kamu-kamu. Ko wace shekara a duba inda ruwa ya kai, da shi ake sanin ko za a yi ƙoshi, da shi ake yanka haraji. Sarakunan Musulunci ne suka riƙe wannan littafi ɗaruruwan shekaru, ba wanda ya ce sun yi shisshigi.

Littafin nan nasu bai tafi a banza ba. Wani Baturen Ingila mai suna Hurst, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa a kan Kogin Nilu, ya bi awon nan na ɗaruruwan shekaru, a 1951 ya bayyana cewa shekarun fari ƙungiya suke tafiya, haka ma na ƙoshi, saboda haka madatsar da za ta tsare ƙasa sai ta iya ajiyar shekaru, ba ta damina guda ba. Bisa wannan tunani aka yi babbar madatsar Aswan. Da farin shekarun 1980 ya auka wa Habasha, inda mafi yawan ruwan Nilu ke fitowa, tafkin Aswan ya yi ta raguwa shekara bisa shekara har ya kusa kai ƙarshen abin da ake iya amfani da shi a 1988, amma Masar ta ci gaba da noma har ruwa ya komo. Awon da wani ma'aikaci ya rubuta shekara dubu da suka wuce ya ciyar da mutanen da bai taɓa gani ba.

Waɗansu kuma za su ce in aka faɗa wa talakawa gaskiya za a tayar musu da hankali. Wannan raini ne. Ku dubi birnin Keftawun na Afirka ta Kudu. Ya sha fari shekara uku a jere, daga 2015 zuwa 2017, manyan madatsunsa 6 suka yi ƙasa. Hukumar birnin ta riƙa buga yawan ruwan da ya saura ko wane mako, ta kuma faɗa a fili cewa in ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100 za a rufe famfunan gidaje, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25 a rana. Daga 1 ga Fabrairu 2018 aka ƙayyade wa ko wane mutum lita 50. Mutane suka ga lamba da idonsu, suka tsuke, shan ruwan birnin ya ragu da fiye da rabin abin da yake a 2015, manoma ma aka rage nasu, ranar rufe famfon ba ta zo ba har damina ta sauka. Ku lura, bazarar nan guda ce da ta Goronyo. Su sun san lambar da za a rufe famfo tun da sauran watanni. Mu fa, wa ya san tamu? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai masu cewa yanzu ai ambaliya ce damuwarmu, wa ke ta fari? Gaskiya ne ambaliya ta yi mana ɓarna. A 2010 Goronyo ɗin nan ta cika har aka buɗe ƙofofinta, ruwa ya ci garuruwa da gonaki a kwarin Rima. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Amma duba tazarar: madatsa guda, a 2010 ta yi ambaliya, a 2018 ta kusa ƙafewa. Ma'aikacin da ke riƙe da ƙofar madatsa tsakanin wuta biyu yake. In ya riƙe ruwa da yawa, sama ta ƙaro, ya halaka na ƙasa da shi. In ya saki da yawa, ruwa ya ɗauke da wuri, ya bar su da ƙishi. Ba abin da zai fid da shi sai rubutacciyar ƙa'ida da aka gina bisa awo, wadda ta ce a wata kaza ruwa ya tsaya a tsawo kaza. Awon da ke tsare mu daga fari, shi ne dai ke tsare mu daga ambaliya.

Masu cewa babu kuɗi kuwa, su ne suka fi ba ni mamaki. Ana samun kuɗin aza harsashin sabuwar madatsa, da rumfa da makaɗa, amma a rasa na kwale-kwale da na'urar auna zurfi da za a zaga tsohuwa a san lakar da ke cikinta. Sandar awo a bakin gulbi da ɗan albashin mai karanta ta ko wace safiya, nawa suke? Dalilin a fili yake. Sabon gini ana manna masa allo da sunan wanda ya buɗe shi, littafin awo kuwa ba mai yi masa guɗa. Amma wanda bai iya tsaron rumbu ɗaya ba, in an ba shi goma asararsa ce za ta ninka.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, mu da muka iya karatu yanzu, ba mu da sauran uzuri. Na farko, a sake auna cikin ko wace babbar madatsa, a maimaita bayan 'yan shekaru, a daina karanta mana lambar ranar buɗewa. Na biyu, a gwada ko wacce da farin 1972 da 1973 da na 1983 da 1984, da yawan jama'ar yau, a buga sakamakon. Na uku, a ƙarshen ko wace damina, cikin watan Oktoba, a sanar a rediyo da Hausa yawan ruwan da aka kama, da eka nawa zai iya shayarwa, tun manomi bai ci bashin iri da taki ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa na fid da hasashen damina ko wace shekara, sai a haɗa shi da wannan lissafi. Na huɗu, a zauna tun ana zaman lafiya, da hakimai da manoma da masunta da makiyaya da mutanen da ke ƙasa da madatsa, irin na fadamun Haɗeja da Nguru waɗanda abincinsu ke rataye da abin da Tiga da Challawa suka sako, a rubuta wanda za a fara rage wa ruwa, da lokacin da za a rage, da yawan abin da za a rage. Rabon da ba a shirya shi da rana ba, in dare ya yi mai ƙarfi ne ke kwashewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma mai karatu, kada ka ce wannan aikin manya ne. In wakilinku ya zo neman goyon baya, ko jami'in ruwa ya zo taron gari, tashi da ladabi ka tambaye shi: ranka ya daɗe, madatsar da muke sha, yaushe rabon da a auna lakarta, kuma damina nawa marasa kyau za ta iya ɗauka? In ya amsa da lamba da shekara, ka gode masa, ka rubuta, baɗi ka sake tambaya. In kuwa ya ce kada ka damu, akwai ruwa isasshe, to, ka san ba a leƙa rumbun ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amanar abin da ya saukar, amin.